Yadda na gyara shukar furen poppy na Kalifoniya

Furen poppy mai ruwan lemo, wanda jihar Kalifoniya da ke Amurka ta ɗauka a matsayin furenta tun 1903, ya ƙi zama a lambuna a nan Sakramento. Yana tsirowa lafiya a tukunya, amma da na dasa shi sai ya yi yaushi ya mutu.

Matsalar daga saiwa take. Doguwa ce guda ɗaya mai nutsewa neman laima, da ita yake jure fari, kuma ba ta son a taɓa ta. Sai na bar dashe. Da kaka, gab da saukar ruwan hunturu (a nan da hunturu ake ruwan sama), na share ciyawa inda rana ke bugawa yini guda, na cuɗa irin da yashi na watsa, na danna da tafin hannu ba tare da binnewa ba. Taki kuwa ban zuba ba, don ganye yake ƙara masa, furen ya ragu. Na riƙa yayyafi har ya tsiro, sannan na janye hannu, domin ruwa mai kwanciya ruɓar da saiwar yake.

A Maris ya yi fure. In ka ga ya rufe da yamma ko ranar hadari, ɗabi'arsa ce, kada ka ƙara ruwa.