Yadda Ake Gyara Ƙafafun Karen Wire Fox Terrier

Wannan ƙaramin kare mai gashi kamar waya a Ingila aka samar da shi, don ya kutsa rami ya koro yanyawa. Ƙafarsa ta haƙa ce: dunƙulalliya kamar ta kyanwa, yatsu a haɗe, tafi mai kauri. Duk gyaran da za ka yi, wannan siffa kake karewa.

Fara da farce. In kana jin ƙwas-ƙwas ɗinsa a kan siminti, ya yi tsawo. Dogon farce yana tura yatsu su baje, ƙafar ta buɗe, tafiyar ma ta canza. Yanke shi kowane mako 2 zuwa 3, kaɗan-kaɗan, kamar milimita 1 ko 2 a lokaci guda. A cikin farcen akwai jijiya mai jini. A farin farce za ka hango ta ja-ja. A baƙi kuwa, da zarar ɗigo ya bayyana a tsakiyar inda ka yanke, tsaya. In jini ya fito, danna garin masara a wurin na minti 2. Farcen da ya daɗe ba a yanka ba, jijiyarsa ma ta yi tsawo, don haka kada ka nemi gajarta shi rana ɗaya. Riƙa ragewa kowane mako, jijiyar za ta ja baya. Duba kuma farcen gefen ƙafa, in yana da shi: ba ya taɓa ƙasa, yakan lanƙwashe ya shige nama.

Sai gashin tafi. Ɗaga ƙafar, ka rage shi daidai da tafin da almakashi mai dunƙulallen baki. In aka bar shi, yana riƙe laka da ƙaya da danshi, daga nan ƙuraje su fito tsakanin yatsu.

Daga nan tsayar da karen, taje gashin ƙafar zuwa ƙasa, ka zagaye shi da almakashi a bakin ƙasa. Kada ka shiga tsakanin yatsu ta sama. Yana sa ƙafar ta zama kamar ta baje. Gashin sama da haka da hannu ake tsige shi, domin injin aski yana sa shi laushi, launi ya koɗe.

Farin gashi da ya koma ja-ja alama ce ta yawan lasa. Nemi kaska ko ƙaya, ka wanke, ka busar sosai. In akwai kumburi, wari ko ɗingishi, kai shi wurin likitan dabbobi.