Yadda Za Ku Sa Mutanen Unguwa Su San Ƙungiyarku, Su Kuma Tallafa Mata

Matasa goma za su haɗu a zauren wani, su zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, su buga riguna masu tambari, bayan wata shida ka nemi ƙungiyar ka rasa. Na sha ganin haka, kuma abin yana yi mini ciwo, domin yawancinsu da kyakkyawar niyya suka fara. Inda suke tuntuɓe shi ne sun miƙa ƙoƙon bara tun mutane ba su ga komai a ƙasa ba. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Da farko, ku yi aiki kafin ku roƙi ko sisi. Ku zaɓi abu guda da kowa ke kuka da shi, wanda ƙarfinku zai iya. A Kano, alal misali, akwai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake taƙaita zirga-zirga da safe. Ku ari shebur da manjagara da baro, ku shiga kwatar da ke cika gidajen mutane da ruwa duk damina. Dattijon da ya fito daga masallaci ya tarar da ku tsamo-tsamo cikin taɓo har gwiwa, kuna tsamo ledojin fiya wata, shi da kansa zai tambaya, "'Ya'yan wa ke nan?" Tallanku na farko ke nan. Kada ku bar tarin dagwalon a bakin hanya ruwan sama ya mayar da shi inda ya fito. Ku tanadi mai kwashewa tun kafin ku fara.

Mataki na biyu, ku shiga ta ƙofa. Ku je gaida mai unguwa, ku biyu ko uku, da ɗan dattijo a cikinku in da hali. Bayan gaisuwa, magana kaɗan ta isa: "Ranka ya daɗe, mu ne muka yashe kwatar bayan makaranta, mun zo neman albarka da shawara." Haka za ku yi wa liman, ku roƙe shi ya yi sanarwa ta minti ɗaya bayan sallar Magariba. A ziyarar farko kada ku ambaci kuɗi.

Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna da rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano saboda shakku, ba a dawo da shi ba sai 2004. Kuɗi da magani duk akwai, yarda ce babu. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, ana ganin manya suna ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a, sannan ƙofofin gidaje suka buɗe, har aka kai 2020 da aka tabbatar an kawar da cutar ta asali daga Najeriya. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, kada ku manta da cikin gida. Sanarwar masallaci ba ta isa ga mata. Ku nemi malamar Islamiyyar matan aure, da uwar adashi, da unguwarzoma. Su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, wanda maigidan ba zai taɓa faɗa a majalisa ba.

Na huɗu, rajista da asusu. A Najeriya, Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ita ke yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni, wato CAMA, ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da kundin tsarin mulkin ƙungiya, da sanarwa a jaridu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bankuna kuma sukan nemi takardar SCUML, ofishin yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Kafin wannan ya kammala za ku iya yin rajista a ƙaramar hukuma. Burin dai shi ne a daina tura gudummawa cikin asusun mutum ɗaya, ko da kuwa waliyyi ne.

Na biyar shi ne ran maganar: lissafi a fili. Mutanenmu ba marowata ba ne. Dubi yadda ake fitar da abinci da azumi. An dai cuce su sau da yawa, shi ya sa suke riƙe hannu. Don haka ku sayi littafin rasit, duk wanda ya bayar da ko naira ɗari biyu ce a rubuta masa. Kuɗi kada ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Ƙarshen kowane wata a rubuta da manyan baƙi: abin da ya shigo, abin da aka kashe, a kan me, da abin da ya rage. A liƙa kwafi ɗaya a bangon masallaci da izinin liman, ɗaya a zauren mai unguwa, a ɗauki hoto a tura guruf ɗin WhatsApp. Har kuɗin ruwan da ma'aikata suka sha a saka. Idan an yi asara, misali siminti ya jiƙe ya daskare, ku faɗa da bakinku kafin a ji a teburin mai shayi. Ku kuma gayyaci wani daga waje, kamar malamin makaranta mai ritaya, ya riƙa duba littafin. Wanda zai fi ɗaga murya yana cewa "ina kuɗinmu?", ku jawo shi cikin masu binciken, sau tari shi ne zai koma mai kare ku.

Na shida, rediyo da waya. Gidajen rediyo irin su Freedom da ke Kano suna da shirye-shiryen da ake kiran waya, kuma har yanzu rediyo ya fi komai shiga lungu. A Facebook, hoton kwata kafin aiki da bayan aiki ya fi dogon rubutu. Amma don Allah kada ku jera marayu da zawarawa riƙe da ledar shinkafa kuna ɗaukar fuskokinsu. Ku ɗauki kayan, ku bar mutum da mutuncinsa.

Sai kuma ku buɗe hanyar bayarwa ga marar kuɗi. Birkila ya ba da yini ɗaya, mai a-daidaita-sahu ya kai mara lafiya asibiti, tela ya ɗinka kayan makaranta biyu. Ku rubuta sunayensu a takardar wata daidai da na masu kuɗi. 'Yan unguwar da ke aiki a Legas ko Abuja kuma a saka su a guruf, da sallah a zagaya da su su ga aikin da idonsu.

Lokacin zaɓe 'yan siyasa za su zo. Ku karɓi gudummawa in ta zo ba da sharaɗi ba, a ba da rasit kamar kowa, a rubuta a takardar wata. Hoton ɗan takara dai kada ya hau rigarku ko allon ofishinku, domin rabin unguwar 'yan ɗaya jam'iyyar ne, kuma su ma kwatar tana bi ta ƙofar gidajensu.