Kar ku tafasa hops in ruwan sha za ku haɗa

'Yan'uwa masu sayen ruwan hops na gwangwani a nan Amurka, ku huta da ɓarnar kuɗi. Hops furen wata shuka ne da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi. Ruwansa kuwa a gida ake yin sa, kuma babu ɗigon giya a ciki.

Dabarar ɗaya ce: ku jiƙa furen a ruwan sanyi, kar ya ga wuta.

Ni giram 2 nake zubawa a lita ɗaya, in matsa rabin lemun tsami, in sa a firij ya kwana. Da safe in tace da ƙyalle mai laushi, in haɗa da ruwan soda.

Me ya sa ba a tafasawa? Zafi ne ke fito da ɗacin furen, shi ya sa masu giya ke dafa shi kusan awa guda. Man da ke ba da ƙamshin kuwa tururi ke kwashe shi. Karon farko da na tafasa, wallahi kamar na jiƙa maɗaci, sai zubarwa na yi.

Ku nemi sabbin irin da ake nomawa a kwarin Yakima na jihar Washington. Irin da ake kira Citra ƙamshin lemu da mangwaro yake yi. Mosaic, wanda ya fito a 2012, ya fi shi zurfi, amma ni Citra na fi so.

Inda abin ke ɓaci: hops ɗin da ya sha iska. In kun buɗe leda kun ji warin tsohon cuku, ko ya koma ruwan ƙasa, ya mutu. Ragowar ku matse iskar, ku ɗaure, ku jefa firiza.

In furen ya wuce kwana ɗaya a jiƙe kuma, ɗanɗanon ciyawa zai fito.

Masu kare a gida, ku ɓoye tukar, guba ce gare shi.