Yadda nake kare yarana daga gubar cikin gida

Bara, cikin zafin Afrilu nan Sakkwato, autana ya shigo da ƙishirwa, ya ɗauki gorar lemo ya kafa kai. Kalanzir ne a ciki, ni na zuba da hannuna. Allah ya taƙaita, amma tun ranar na canza tsarin ɗakina.

'Yar'uwa, kalanzir, fiya-fiya da maganin ɓera, kada ki juye su a gorar lemo ko ta ruwa. Ki bar kowanne a mazubinsa, ki kulle a sama inda hannun yaro ba ya kai. In za ki fesa maganin sauro, fitar da yara, rufe tuwo da randa, sannan ki buɗe tagogi iska ta ratsa kafin su dawo.

Kwallin jarirai ma na daina. Wani yana ɗauke da dalma, mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, sanadin niƙa duwatsun zinare cikin gidaje.

In yaro ya sha kalanzir, kada ki ɗura masa manja, kada ki sa shi amai, domin yana iya faɗawa huhu. Ɗauki gorar, ku nufi asibiti nan take.