Darasi na Shida: Idan Kaza Ta Samu Matsala Wajen Saka Ƙwai

Kazar gida takan fara saka idan ta kai wata shida zuwa bakwai. Takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, sannan ta tsaya ta hau kwanci na kwana 21 har ta ƙyanƙyashe. Saboda haka kazar da ta daina saka, ta lafe a kan ƙwai tana tayar da gashi idan an matso kusa, lafiyarta ƙalau. Haka ma wadda take zubar da tsohon gashi ko wadda ta tsufa. Abin da wannan darasi zai duba shi ne kazar da ya kamata a ce tana saka, amma ƙwan ya ragu, ko ya lalace, ko ya ƙi fitowa.

Kafin a sayi magani, a kama kazar a duba ta. Wadda take saka, zankonta ja ne, duburarta a buɗe da laima, kuma tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen duburar yatsu biyu ko uku suna shiga. Idan yatsa ɗaya ne kawai yake shiga, ta daɗe da daina saka.

Mafi yawan matsalar daga abinci take tasowa. Jikin kaza yana ɗaukar kimanin awa 25 kafin ya gama haɗa ƙwai ɗaya, kuma mafi yawan wannan lokaci a kan yin ɓawo yake tafiya. Ɓawon yana buƙatar sinadarin kalsiyam, wato wanda yake ƙarfafa ƙashi, kusan giram 2 a kowane ƙwai. Gero da dawa da dusa suna cika ciki, amma kalsiyam ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Idan kaza ba ta samu ba, sai jikinta ya riƙa ɗiba daga ƙashinta, daga nan ƙwai ya fara fitowa da ɓawo mai laushi ko babu ɓawon sam, wata ma ƙafafunta su kasa ɗaukarta. Maganin yana cikin gida. A tara ɓawon ƙwan da aka ci, a gasa shi a kasko, a daka shi sosai, a zuba a wani mazubi dabam. Dakawar tana da muhimmanci, domin kazar da ta saba ganin ɓawo da siffarsa takan koyi fasa nata ƙwan ta sha. Ƙashin da aka ƙone aka daka shi ma yana yin wannan aiki. A haɗa mata da garin ƙuli-ƙuli marar yaji kuma marar gishiri, da gara, da ganyen zogale, musamman da rani lokacin da ƙwari da ciyawa suka yi ƙaranci.

Ruwa kuwa, da bazara kaza takan rage ci saboda zafi, ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi sirara. A ajiye ruwa mai sanyi a inuwa, a sauya shi safe da yamma. A kuma ɗaga fikafikanta a duba ƙwarƙwata da kaska, a share akurki, a tanadar mata toka da yashi inda za ta yi birgima.

Matsalar da ba ta jira ita ce maƙalewar ƙwai, wadda ta fi samun budurwar kaza, da mai ƙiba, da wadda ba ta samun kalsiyam. Za a ga kazar tana shiga wurin saka tana fitowa babu ƙwai, tana yunƙuri, jelarta a ƙasa, tana tafiya a tale, ba ta son abinci. Idan aka taɓa ƙasan cikinta a hankali, akan ji abu mai tauri. A zuba ruwan ɗumi a roba, wanda hannu zai iya jurewa, a zaunar da ita ruwan ya rufe bayanta na minti 15 zuwa 20. A tsane ta da tsumma, a shafa man gyaɗa a bakin duburar da yatsa mai tsabta, sannan a ajiye ta ita kaɗai a wuri mai duhu da ɗumi, da ruwan sha kusa da ita. Kada a matsa cikin da ƙarfi, kada kuma a tura tsinke, domin idan ƙwan ya fashe a ciki ɓawon zai yanke ta. Idan an maimaita sau biyu bai fito ba, a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Idan kuma jan nama ya leƙo waje bayan ta saka, a raba ta da sauran nan take don kada su tsattsage shi, a wanke da ruwan ɗumi, a shafa mai, a mayar da shi a hankali.

Amma idan kaji da yawa ne suka rage saka a lokaci ɗaya, ga koren zawo, ga numfashi da ƙyar, wasu wuyansu yana murɗewa, to annoba ce, kuma galibi cutar Newcastle ce da take yin ɓarna da hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin, har da irin wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ɗabi'ar fasa kafso na mutane a zuba wa kaji a ruwa asarar kuɗi ce, kuma ragowar maganin yana shiga ƙwan da yara za su ci. A ware marasa lafiya, a binne waɗanda suka mutu a rami mai zurfi, kada a kai sauran kasuwa, a kuma sanar da ofishin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, domin murar tsuntsaye ma da irin waɗannan alamu take farawa.