Yadda za ka yi azumin da bai tsaya a ciki kaɗai ba

Idan ka tambayi mutane dalilin azumi, da yawa za su ce maka don mai hali ya ɗanɗana yunwar talaka. Akwai gaskiya a ciki, amma da a ce shi ke nan dalilin, da an ɗauke wa talaka azumi tunda shi ya riga ya san yunwa. Aya ta 183 a Suratul Baƙara ta faɗi manufar ƙarara, wato a samu taƙawa. An wajabta azumin a shekara ta 2 bayan Hijira, Annabi (SAW) kuma ya azumci Ramadan 9 kafin wafatinsa. Kana ɗaki kai kaɗai, ga ruwan sanyi a gabanka, maƙogwaro ya bushe, ba mai ganinka, amma hannunka bai kai ba. Wannan halin ake so ya bi ka har wurin ciniki da wurin hira.

Ka fara da niyya tun kafin alfijir ya keto. A mazhabar Malikiyya niyya ɗaya a daren farko ta wadatar har ƙarshen wata, sai in azumin ya yanke saboda ciwo ko tafiya ko al'adar mata, sannan a sabunta. Wasu malamai sun ce a ɗaura kowane dare. Sahur kuma kada ka bar shi ko da kurɓin ruwa ne, kuma ka jinkirta shi. Zaidu bin Sabit ya ce tsakanin sahur ɗinsu da Annabi da tsayuwa salla gwargwadon karanta aya 50 ne. Ruwa ka riƙa shansa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa asuba, don ɗura shi lokaci guda bayan gida kawai zai kai ka. In kai ma'abocin shayi ne ko gahawa, rage su tun a Sha'aban, in ba haka ba ciwon kai na jiranka a kwanakin farko.

Inda aikin yake shi ne harshe. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya da buƙatar ya bar ci da sha. Ka lura da kanka bayan La'asar, lokacin da jiki ya mutu, kai ya ɗau zafi, magana kaɗan sai ta tunzura ka. A wannan lokacin kada ka tada zancen bashi, kada ka titsiye yaro kan laifin da zai iya jira. In wani ya tsokane ka, ka ce "ni mai azumi ne" kamar yadda aka koyar, ka bar wurin. Waya ma baki ce. Mutum zai kame daga ruwa tun asuba, ya zauna yana latsa waya don ya ci lokaci, ya tura zancen wani da bai tabbatar ba, ya yi dariyar aibin wata. Shawarata ka ajiye ta a wani ɗaki daga La'asar har a sha ruwa. Shi kuwa mai shan barci don rana ta yi saurin faɗuwa, har Azahar da La'asar su wuce shi, ya riƙe farilla ɗaya ne ya zubar da biyu.

Gurbin da wayar ta bari ka cike shi da karatu. Alƙur'ani izu 60 ne, izu 2 a rana ya kai ka sauka. A mushafin Madina mai shafi 604, shafi 4 bayan kowace salla ya ba ka juz'i guda. In karatunka bai yi ƙarfi ba, gara shafi ɗaya da fassararsa da gudun da ba ka san me ka karanta ba.

Rana na faɗuwa ka buɗe baki, kada ka ja lokaci. Dabino ko ruwa, ka yi Magariba, sannan ka dawo kan abinci. Ma'aunin Annabi shi ne kashi ɗaya cikin uku na ciki ga abinci, ɗaya ga abin sha, ɗaya ga numfashi. Wanda ya narki abinci har wuya, a Tarawihi ake gane shi, yana layi yana hamma tun raka'a ta biyu. Amfanin azumi ga lafiya ma a nan yake tsayawa ko ya rushe, don akwai masu fita daga watan sun ƙara ƙiba. Mai ciwon suga ko gyambon ciki, da mai juna biyu, su ga likita tun kafin a ga wata. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya da matafiyi rangwame su rama daga baya, kuma karɓar rangwamen ba ragwanta ba ce.

Ka ajiye ƙarfi don goman ƙarshe, lokacin da sahu ke raguwa, hankali ya koma kan shirin Salla. A dararen mara na cikinta ake neman Lailatul Ƙadri, daren da ya fi wata 1,000, sama da shekara 83 ke nan. Kafin a tafi Idi ka fitar da zakkar fidda kai, sa'i ɗaya na abincin da aka fi ci a inda kake, kai da duk wanda kake ciyarwa. Ibn Abbas ya ruwaito cewa an wajabta ta ne don ta tsarkake mai azumi daga yasasshen zance da batsa, ta kuma ciyar da miskinai. Wanda ya bari sai bayan an sauko daga Idi, ta zama sadaka kamar sauran sadakoki, don haka ka auna ta tun kwana ɗaya ko biyu kafin Salla.