Yadda za ki zana murhun Turawa da fenti a bangon falonki

'Yan uwa mata masu falo da bango guda ɗaya fari fat babu komai a jikinsa, ga wani ado da ba ya cin kuɗi sosai, wato ki zana irin murhun nan da Turawa suke ginawa a jikin bango don ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Mu nan Garwa da Marwa a arewacin Kamaru ba mu da buƙatar na gaske, a watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, to amma siffarsa tana da kyau, tana ba falo tsakiya, wurin da ido zai sauka in baƙo ya shigo.

Kafin ki taɓa fenti ki fara duba bangon. Shafa tafin hannunki a jiki, in kika ga fari ya biyo hannun to farar ƙasa ce aka shafa, kuma fenti ba ya zama a kanta, bayan ɗan lokaci zai riƙa ɓarewa, sai an kankare wurin an goge da tsumma mai ɗan danshi an bar shi ya bushe. In kuma sabon shafen siminti ne ki ba shi kamar kwana 28 tukuna. Bangon da yake jan ruwa daga ƙasa da damina ki rabu da shi ki zaɓi wani. In gidan haya kike ki faɗa wa mai gida tun da wuri, ya fi kwanciyar rai.

Kayan ba su da yawa: fentin ruwa fari da baƙi da ja da ɗan ruwan ɗorawa, burushi babba da ƙarami, fensir, mita, zare, ƙusa, salatif na takarda da guntun soson katifa. Fentin ruwa nake ba ki shawara, na mai yana da wari yana daɗewa bai bushe ba, ga sheƙi, sheƙin nan kuwa shi ke tona asirin zane da an kunna fitila.

Awon da yake dacewa da yawancin falukanmu faɗi santimita 120 tsayi 110, bakin murhun a tsakiya faɗi 70 tsayi 65, kuma dole zanen ya sauka har ƙasa, in ya tsaya a sama ya koma kamar taga. Don layin tsaye ki ɗaura ɗan dutse a zare ki sake shi ki bi da fensir, kar ki yarda da idonki ko da daɓen ɗaki, da yawa a karkace suke. In kina son saman bakin ya lanƙwasa kamar baka, kafa ƙusa a tsakiya ki ɗaura zare da fensir a bakinsa ki ja.

Sai bulo. Ki shafe duk jikin murhun da ruwan toka mai haske, shi ne zai zama simintin tsakanin bulo, ya bushe. Yanka soso kamar santimita 20 da 6, ki haɗa ja da ɗigon baƙi da ɗan ruwan ɗorawa a faranti amma kar ki juya su su haɗe gaba ɗaya, ki dangwala soson ki fara rage fentin a kan kwali sannan ki danna a bango, ki bar tazarar santimita 1 tsakani, layi na biyu ya fara da rabin bulo yadda magina suke yi. Wani zai fito da duhu wani da haske wani gefensa bai kama ba, ki bar su haka don Allah, bulon gaske ma ba su taɓa zama kala ɗaya.

Yanzu ga inda aikin yake, inuwa. Yawancin zanen da na gani bai burge ni ba, ba don bulon ba ne, don an shafe cikin da baƙi ƙirin an tashi. Ki tsaya da rana ki ga ta ina haske yake shigowa falon. In tagar tana dama, to a cikin bakin murhun gefen dama ne zai fi duhu don shi ne a ɓoye, na hagu ki sassauta shi da ruwan toka mai duhu. Ki ja layi biyu a karkace daga kusurwoyin ƙasa zuwa ciki su nuna daɓen murhun, sama ya fi ko'ina baƙi kamar hayaƙi ya daɗe yana bi, ki goga shi da busasshen burushi ya ɗan haura kan bulon da ke saman baki. Kowane bulo ki sa masa siririn layi mai duhu a ƙasa da gefen da ba ya fuskantar taga. Yana cin lokaci wallahi, amma ki riƙa ja da baya har bakin ƙofa kina kallo, za ki ga ramin yana zurfi a gabanki.

Harshen wuta ni ban cika so a zana ba, da wuya ya yi kama da gaske. Guntayen itace biyu ko uku a zane sun isa, ko ki jera 'yan fitilun nan masu batir a ƙasa, in an ɗauke wuta ma sun yi amfani.

Daga ƙarshe ki sa kafinta ya kafa miki katako na gaske a sama mai fitowa kamar santimita 15, inuwarsa ta gaske tana taimakon ta fenti ƙwarai. A kai ki ɗora kwalaben humra ko agogo ko faifai mai ado, in kina so ki zana dagi a tsakiyar saman don ya zama namu. Kaskon turaren wuta dai ki ja shi nesa da bangon saboda hayaƙi yana dafar da fenti. Kuma in da hunturu za ki yi aikin ki rufe tagogi har ya bushe, ƙura tana manne wa ɗanyen fenti.